Mun sayi manhajar miliyoyi amma har yau littafin sito ne ke aiki, laifin wa?

Sadiq IT:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawara kafin ran Litinin. Ni ke riƙe da sashen kwamfuta a wani kamfani da ke raba kayan masarufi, shinkafa, man girki, suga, sabulu da sauransu, muna da sito a garuruwa huɗu. Shekara uku kenan da muka sayi babbar manhaja irin wadda ke haɗa sito da ciniki da akawu da albashi duk wuri ɗaya. An biya lasisi, an sayi saba (babbar kwamfutar da manhajar ke zaune a kai), an ja waya, an kai mutane tirenin har sau biyu. Manhaja na nan lafiya lau bata taɓa faɗuwa ba, amma wlh har yau masu sito da littafi suke aiki, akantoci kuma Excel ɗinsu suke bugawa, sai ƙarshen wata a sa wani yaro ɗan bautar ƙasa ya zauna ya zuba komai a ciki dan kawai a ce an zuba. Toh yanzu lokacin sabunta lasisi ya zo, Alhaji mai kamfanin ya ga kuɗin ya ce in zo ran Litinin in faɗa masa me wannan abu ya tsinana masa. Ni kuma abin da aka ce in yi na yi, an ce in kafa na kafa. Me zan ce masa?

Baffa Akanta:
Wa alaikumus salam. Ka ce masa ya tsinana wa ɗan bautar ƙasa aikin yi hhhh

Injiniya Bashir:
Sadiq kar ka yarda a ɗora maka jakar tsaba. Ka fitar da rahoton saba, ka nuna wata nawa tana aiki ba tsayawa, ka nuna sunayen waɗanda aka yi wa tirenin da sa hannunsu. Naka ka gama. Matsalar mutanenmu ce, basa son canji, kuma wasu da gangan suke ƙi sbd manhaja na toshe hanyar ɓeraye. Ni sana'ata kenan sai da irin waɗannan manhajoji, kuma duk inda ka ga mai sito ya rungume littafi kaman ɗansa to ka bincika.

Hajiya Rabi Odita:
Bashir ƙanena, in ya je da wannan takardar Alhaji zai ƙara hawa ne. Mutum ya tambaye ka me motar da na saya ta kawo min, kai kuma ka ce injinta na tashi kullum da safe. Ai ba tashin inji ya tambaya ba, balas ya tambaya.

Sadiq bari in tambaye ka abu ɗaya tukun. Ranar da aka amince a fitar da kuɗin nan, akwai takardar da aka rubuta cewa ga abin da muke so ya canza? Kaman a ce kayan da ke ɓata a sito su ragu daga kaza zuwa kaza, ko rufe lissafin wata ya dawo kwana biyar maimakon sati uku, ko bashin da ke hannun 'yan kasuwa ya ragu? In akwai, sunan wa aka rubuta a gaban kowanne?

Sadiq IT:
Hajiya gaskiya babu. Abin da ke akwai takardar da kamfanin da suka sayar mana suka kawo ne, mai hotuna masu kyau, sun zo sun nuna mana a majigi yadda Alhaji zai zauna a Dubai ya ga buhu nawa ya rage a Gusau ta wayarsa. Abin ya burge shi a take ya ce a yi. Ɗansa ne ma ya kawo su.

Baffa Akanta:
Cinikin biri a sama kenan.

Hajiya Rabi Odita:
Toh ka ga inda gizo ke saƙar. Ba ku sayi amfani ba, kaya kuka saya, kuka zauna kuna jira amfani ya tsiro da kansa. Kuma ba ku kaɗai ba ne, wannan ciwon ne ya sa tun 2006 ƙungiyar ISACA ta masu binciken tsarin kwamfuta, ta hannun cibiyarta ITGI, ta fitar da wani tsari na tabbatar da amfanin kuɗin da ake zubawa a kwamfuta da ake kira Val IT, daga baya a 2012 aka narkar da shi cikin COBIT 5, babban tsarinsu na tafiyar da harkar kwamfuta a kamfani, waɗanda suka yi jarrabawar CISA ta masu odit ɗin kwamfuta a gidan nan sun san shi. Duk kaurin takardun, tambaya huɗu ce a ciki. Abin da muke yi shi ne ya dace mu yi? Ta hanyar da ta dace muke yinsa? Ana gama shi da kyau? Sannan ta huɗun wadda kowa ke tsallakewa, muna samun amfanin kuwa? Kai Sadiq ta biyu da ta uku naka ne kuma da alama ka yi su. Ta farko da ta huɗu ba naka bane, na masu kamfani ne da manajojin da ke juya kasuwancin, kuma su ne ba a taɓa amsawa ba. Yanzu Alhaji ya tuna da ta huɗu bayan shekara uku shi ne yake neman wanda zai wurga wa.

Injiniya Bashir:
Hajiya da girman kujerarki, amma wannan karatun na manyan bankuna ne da kamfanonin waya. Kamfanin Alhaji guda da 'ya'yansa wa zai zauna yana COBIT? Kwamitin daraktocin ma ai a falo ake yinsa bayan sallar isha.

Hajiya Rabi Odita:
Ban ce su karanta littafin ba. Alhajin nan da kake gani in zai sayi tirela sai ya tambayi lodi nawa za ta yi a wata, nawa gas zai ci, wane direba za a ba, yaushe za ta mai da kuɗinta. Bai je makarantar kowa ba ya san wannan. Da an zo kan kwamfuta sai ya ajiye basirarsa ya ce ku yaran zamani ku kuka sani. Tsarin gaba ɗaya cewa yake yi ka yi wa manhaja tambayar da kake yi wa tirela, ko a falo ne ko a ofis.

Dr Kabiru Leeds:
Salam jama'a, na daɗe ina karatu ban sa baki ba. Bashir in kana ganin ƙananan kamfanoni ne kawai ke faɗawa wannan ramin bari in baka labarin nan Ingila. A 2002 gwamnatin Tony Blair ta ƙaddamar da wani gagarumin shiri na haɗa bayanan marasa lafiya na hukumar lafiya ta NHS a kwamfuta, ta yadda duk asibitin da ka je a Ingila likita zai buɗe fayil ɗinka. Aka raba ƙasar shiyya biyar aka ba manyan kamfanoni kwangila, su Accenture, Fujitsu, BT da CSC. Accenture ta janye a 2006, aka soke kwangilar Fujitsu a 2008, a watan Satumba na 2011 gwamnati ta sanar za ta wargaza shirin. Kwamitin majalisa mai bin diddigin kuɗin gwamnati ya ce a 2013 kuɗin da abin zai ci ya kai wajen fam biliyan 9.8. Fam fa, ba naira ba.

Kuma abin da tsofaffin likitocin nan ke faɗa kullum shi ne daga sama aka yanko abin, an sa hannu a kwangila cikin gaggawa ba a zauna da masu duba marasa lafiya ba an ji yadda suke aiki. Amma in yi adalci akwai ɓangaren da ya yi aiki sosai, na hotunan eksire da aka mai da su na kwamfuta, da ana yawo da fim a ambulan yana ɓata, yanzu ka danna ka gani. Me yasa wannan ya karɓu? Sbd likita ya ga amfaninsa a ranar farko ba sai an yi masa wa'azi ba. Babban fayil ɗin kuwa aiki ya ƙara wa mutane kafin ya rage musu komai.

Ummi Dev:
Dr wannan maganar ta ƙarshe ita ce. Yaya Sadiq ka taɓa zuwa ka zauna da mai sito wuni guda ka ga me yasa yake ƙin manhajar? Ba a mitin ba, a cikin sito da rana tsaka lokacin da motoci ke layi.

Sadiq IT:
Ummi na je, kuma abin da na gani shi ne nake jin nauyin faɗa. Na farko akwai netwok, sito biyu in sabis ya ɗauke sai a yi awa biyu, ga direba na jira ga 'yan dako na jira, ba wanda zai tsaya. Wannan mai sauƙi ne ana iya gyarawa. Babban shi ne, manhajar bata barin kaya su fita sai an buɗe wa mai saye asusu an sa masa iyakar bashi, in ya wuce iyaka sai ta kulle. Toh Alhaji da kansa zai bugo waya ya ce a ba wane katan ɗari biyu zai kawo kuɗi ran Juma'a, mutumina ne tun muna Singa. Mai sito ya duba manhaja ta ce wanen nan ana binsa bashin wata uku. Wa zai bi, manhaja ko Alhaji? Sai ya ɗauko littafi ya rubuta ya fitar da kaya. Da zarar kaya ɗaya sun fita ta littafi lissafin cikin kwamfuta ya zama ƙarya, gobe ba wanda zai yarda da shi, sai kowa ya koma littafi.

Baffa Akanta:
Allahu akbar. Ashe ɓeran da Bashir ke nema shi ne mai gidan hhhh

Injiniya Bashir:
Baffa ka rufa min asiri, ban ce haka ba. Amma Sadiq ai wannan saiti ne kawai, a ba Alhaji maɓallin da zai danna a wayarsa ya ɗage iyakar, minti biyu an gama.

Sadiq IT:
An yi masa. Sau ɗaya ya danna ya ce ya manta lambar sirri, kuma shi bai ga dalilin da zai nemi izinin waya kafin ya ba da kayansa ba.

Hajiya Rabi Odita:
Kuma yana da gaskiya ta wani ɓangaren, kayansa ne. Amanar da ke tsakaninsa da mutanen nan ita ta gina kamfanin tun kafin a haifi Sadiq, kar mu raina ta. Amma ba zai yiwu ya sayi abin da aikinsa shi ne ya hana bashi barkatai, sannan ya ci gaba da ba da bashi ta waya, sannan ya zo yana tambayar ina amfani ba. Amfanin manhajar nan ba a cikin saba yake ba, yana cikin halin da za a canza, kuma wanda ya kamata ya fara canzawa shi ne ya fara ƙi. Shi yasa a tsarin da na ambata suke cewa in za ka lissafa aiki ka lissafa shi gaba ɗayansa, har da canza yadda ake aiki, da horo, da wanda za a sauya wa kujera, da dokar da mai gida zai ɗaura wa kansa, ba kuɗin manhaja da na kafawa kaɗai ba. Ku kun lissafa rabin aiki kuka kira shi duka.

Issoufou Maraɗi:
Sannunku da hira. Ni tambayata kuɗin lasisin, da dala ne ko da naira? Dan mu nan namu da yuro muke biya kuma sefa a ɗaure take da yuro, 655 da 'yan kai, shekara da shekaru bata motsi, sai mu san abin da za mu biya baɗi. Ku kam na ga abin da ya same ku.

Sadiq IT:
Da dala ne Malam Issoufou, shi ne ma ya tada maganar. Lokacin da muka saya dala a banki bata kai naira 500 ba, da aka saki naira a watan Yuni na 2023 ta haura 700, farkon 2024 ta kai wajen 1,500. Lasisi iri ɗaya, mutane iri ɗaya, kuɗi ya ninka uku. Da bai ninka ba inaga har yau Alhaji ba zai tambaya ba.

Baffa Akanta:
Toh bari in yi maganar gaske yanzu tunda na gama tsokana. Shekara talatin da ɗoriya ina aikin akawu, tun muna rubuta leja da biro ja da shuɗi. Abin da na lura shi ne mu akantoci ma muna da laifi, ranar saye muke buɗe ido, mu ja farashi mu rage kashi goma mu ji daɗi, da an biya sai mu rufe fayil. Ba wanda ke lissafa cewa abin nan kaman aure ne, sadaki shi ne mafi arha a ciki. Akwai lasisin kowace shekara, akwai gas na janareta da zai riƙe ɗakin saba da sanyi dare da rana, akwai intanet na sito huɗu, akwai yaron da kuka kashe kuɗi kuka horar ya samu aiki a Legas ya tafi, akwai ranar da kamfanin zai ce tsohon samfurin mun daina kula da shi sai ku sayi sabo. In ka tara na shekara biyar sai ka ga kuɗin sayen farko ɗan ƙarami ne. Sadiq ka tara wannan lissafin kafin Litinin ko da zai ba ka tsoro, gara ka kai shi da hannunka da a tono shi a bayanka.

Ummi Dev:
Ni fa a ganina a yanke asara kawai. A bar lasisin ya mutu, a samu yara biyu su rubuta ƙaramar manhaja da ke aiki a waya ko ba netwok, mai sito ya shigar da abin da ya fita har da na wayar Alhaji, in sabis ya dawo ta tura. Ko manhajar Odoo ta kyauta a ɗauka a gyara. Ba sai an kashe dala ba.

Injiniya Bashir:
Ummi kenan. Yaran biyu in ɗaya ya tafi karatu Malesiya ɗayan ya yi fushi wa zai riƙe? Na sha zuwa gyaran irin wannan, ba takarda ba bayani, lambar sirri na kan mutum ɗaya. Kuma duk miliyoyin da aka zuba a baya fa, a watsar?

Dr Kabiru Leeds:
Bashir kuɗin da aka zuba a baya sun tafi ko an ci gaba ko an tsaya, ba su da ƙuri'a a shawarar gobe. Kamfanin Lidl na Jamus masu manyan kantuna sun yi wajen shekara bakwai suna kafa babbar manhaja irin taku ta kamfanin SAP, rahotanni suka ce sun kashe kusan yuro miliyan 500, a 2018 suka ce sun fasa suka koma tsohon tsarinsu. Kuma abin da aka ruwaito ya jawo rikicin zai ba Sadiq dariya, su Lidl suna lissafa kayan sito da farashin da suka sayo, manhajar kuma an gina ta a kan farashin sayarwa, suka ƙi canza al'adarsu suka ce a lanƙwasa manhaja, aka yi ta lanƙwasa har kuɗi suka ƙare. Kusan labarinku ne, mai gida ya ƙi canzawa. Amma dai sun iya cewa a tsaya, wanda ba kowa ke iyawa ba, musamman in ɗan mai gida ne ya kawo abin.

Hajiya Rabi Odita:
Ummi ban ƙi taki ba amma kin yi sauri. In aka rubuta sabuwa gobe ba a amsa tambayar farko ba, shekara biyu Sadiq zai dawo nan da labari iri ɗaya sai dai da naira maimakon dala. Me kamfanin ke so ya gyara? In bashi ne, manhaja ko ta kyauta ko ta miliyan ba za ta yi ba sai Alhaji ya yarda da doka. In kuwa so yake kawai ya san buhu nawa ke sito kowace yamma, toh wannan taki ta isa har ta yi yawa, kuma babu dalilin biyan lasisin babbar.

Ummi Dev:
Na yarda Anti. Amma ina da tambaya, wannan maganar ta a auna amfani da lamba, komai ne ake iya aunawa? Mu a wurin aikinmu na nemi a sayi wurin ajiye kwafin bayanai na biyu, manaja ya ce in kawo masa lissafin ribar da zai kawo. Wace riba zan rubuta?

Hajiya Rabi Odita:
Ki tambaye shi ribar da maigadinsa ya kawo bara. Ba kowane kashe kuɗi ake aunawa da mudu ɗaya ba, wannan ma yana cikin ƙa'idojin Val IT ɗin. Akwai abin da ake yi dan dole, doka ta ce ko hukumar haraji ta ce, akwai na tsare abin da ake da shi kaman naki, akwai na rage kashe kuɗi, akwai kuma na gwaji wanda an san zai iya faɗuwa. Naki ba da riba ake auna shi ba, da asarar da zai hana. Ki rubuta masa in kwamfutar nan ta ƙone yau kwana nawa za mu yi ba aiki, kuma nawa muke samu a kwana. Ki bar shi ya ninka da kansa. In yana son misali ki ce ya karanta abin da ya faru da bankin TSB na Birtaniya a watan Afrilu na 2018 da suka sauya manhaja, kwastomomi kusan miliyan biyu suka shiga matsala, shugaban bankin ya sauka a shekarar, daga baya hukumomi suka ci su tarar sama da fam miliyan 48.

Malam Tukur Abuja:
Ni ma'aikacin gwamnati ne bari in kawo namu na gida dan kar a ce sai Turawa. Ku dubi asusun bai ɗaya, TSA. Tun 2012 aka fara gwada shi, manhajar Remita da ake tura kuɗin ta cikinta na nan, amma ma'aikatu suka yi ta jan ƙafa da dubban asusu a bankunan kasuwa. Sai a 2015 da aka ba da umarni daga fadar shugaban ƙasa aka sa wa'adin 15 ga Satumba, kowa ya kwashe ya kai CBN. Manhaja bata canza ba, abin da ya canza an samu mai abu da ya ce nawa ne kuma sai an yi. Ku kwatanta da eNaira, kuɗin intanet na CBN, da aka ƙaddamar ran 25 ga Oktoba 2021, manhaja ta fito an yi biki, amma a 2023 wani binciken IMF ya nuna kusan kashi 98.5 cikin ɗari na asusun da aka buɗe ba a taɓa su a sati. Har lokacin wahalar takardun kuɗi a farkon 2023, da mutane ke kwana a layin ATM, su OPay da Moniepoint jama'a suka ruga. Ba a amsa wa mai shayi tambayar me zan samu da bana samu a taransifa ba.

A ɓangarenmu akwai dokar cewa ma'aikata ta kai aikin kwamfuta hukumar bunƙasa fasahar zamani NITDA a tantance kafin a kashe kuɗi, kuma abu ne mai kyau yana rage maimaita aiki da kumbura farashi. Abin da nake ta cewa a ofis shi ne wannan ƙofar shiga ce, ina mai tsaron ƙofar fita? Wa ke dawowa bayan shekara biyu ya ce kun ce za a daina yawo da fayil, an daina?

Baffa Akanta:
Malam Tukur ka manta IPPIS, tsarin biyan albashin ma'aikatan tarayya, da malaman jami'a

Malam Tukur Abuja:
Ban manta ba Baffa, tsallakewa na yi da gangan hhh. Amma shi ma darasi ne, tun 2007 aka fara shi dan maganin ma'aikatan bogi, ASUU ta ce bai san yadda jami'a ke aiki ba, malamin da ke hutun bincike da mai koyarwa na wucin gadi da sauransu, har suka kawo nasu tsarin mai suna UTAS, aka yi ta ja har a Disamba 2023 gwamnati ta ce an cire jami'o'i. Amfanin da ofishin akanta janar ke gani daban, wanda malami ke gani a albashinsa daban.

Admin:
Jama'a a bar ASUU a nan dan Allah, wancan karon sai da muka cire mutum biyu. A koma kan Sadiq.

Injiniya Bashir:
Toh ni dai har yanzu ina kan bakana cewa ba laifin Sadiq bane, kuma ba laifin manhaja bane. Amma na karɓi gyara a kan abu ɗaya, mu masu sayarwa muna nuna majigi mu karɓi cek mu tafi, ban taɓa tambayar kwastoma wa zai ɗau alhakin amfanin ba, dan in na tambaya cinikin zai iya lalacewa. Wannan gaskiya ce ko da ɗaci.

Hajiya Rabi Odita:
Allah ya yi maka albarka Bashir, ba kowa zai faɗa ba. Amma Sadiq kar ka ji an wanke ka tas. Shekara uku kana ganin yaro na zuba lissafin ƙarya a ƙarshen wata kana kai rahoton cewa saba na lafiya. Wata na uku ya kamata ka buga ƙararrawa, ba shekara ta uku ba. Abin da kake aunawa shi ne abin da ke sa ka fita kunya, ba abin da ke nuna ko kamfani na amfana ba, kuma dukkanmu mun taɓa yin haka har ni.

Ga abin da zan yi in ni ce. Shafi ɗaya tak, Alhaji ba zai karanta biyu ba. A sama kuɗin da abin zai ci shekara uku masu zuwa in an ci gaba, yadda Baffa ya ce. A ƙasa abu biyu ko uku da za a iya gani da ido, misali bambancin abin da littafi ya ce da abin da aka ƙirga a sito, da jimlar bashin da ya wuce kwana sittin. Ka nemo lambobin yau ka rubuta, dan in ba ka san inda ka tashi ba ba za ka ce ka yi tafiya ba. Gaban kowanne sunan mutum, kuma ba sunanka ba, na sito manajan sito, na bashi manajan ciniki ko shi Alhajin. Sai ka ce a gwada sito ɗaya wata uku ba littafi, in lambobin sun motsa a ci gaba, in basu motsa ba a rufe a koma shawarar Ummi. Ka tambayi masu lasisin ko za su yarda a rage yawan masu shiga ko a biya na wata shida, Bashir ya fi ni sanin ko ana yi.

Injiniya Bashir:
Rage yawan masu shiga ana yi lokacin sabuntawa, wata shida kuma ya danganta da kamfanin, amma in suka ji kuna shirin tafiya za ka sha mamakin yadda za su sauko. Kar ka nuna musu kuna da gaggawa.

Sadiq IT:
Na gode ƙwarai wlh, na samu abin da ban zo nema ba har da faɗa, kuma na karɓa Hajiya. Saura abu ɗaya, duk wannan ya tsaya ne a kan a ce wa Alhaji wayar da yake bugawa ita ce ta kashe abin. Ni albashi nake ɗauka, ina da yara uku. Wa zai faɗa masa?

Baffa Akanta:
Ba kai ba dai. Kuma ba a gaban mutane ba. Ba ka ce ɗansa ne ya kawo su ba? Shi ya ɗebo da zafi. Ka same shi gobe Asabar ka nuna masa shafin, ka nuna masa jimlar bashin mutanen wayar nan, shi ya san lokacin da babansa ke cikin nishaɗi. Kuma kar a ce masa ya daina ba mutanensa kaya, ba zai daina ba, a ce masa in ya bugo waya mai sito zai fitar amma zai shigar da shi a manhaja da sunan umarnin Alhaji, ƙarshen wata a kawo masa jimla ya gani da idonsa. Ɗan kasuwa ne, in ya ga lambar shi da kansa zai fara rage wayar.

Ummi Dev:
Wannan saitin ba zai ɗau awa ɗaya ba Yaya Sadiq, in kana so in duba maka da daddare.

Sadiq IT:
Ina so Ummi. Na kira ɗan nasa yanzu ya ce in same shi bayan la'asar gobe. Hajiya zan turo miki shafin ta inbos kafin in kai, dan Allah ki duba min lissafin bashin, akantanmu ya ce sai ya haɗa littattafai huɗu kafin ya ba ni jimla kuma na Gusau bai iso ba tukun.